Shari'ar Liberace Sau Uku: Kotun Landan, Binciken Gawa da Masu Sharhin Fim

Gabatarwa

Ran 21 ga watan Mayu na shekara ta 2013 aka nuna wani fim na Amurka a bikin fina-finai na birnin Cannes, a ƙasar Faransa, mai suna Behind the Candelabra, watau abin da ke bayan alkukin kyandir. Fim ɗin ya ba da labarin shekaru goma na ƙarshen rayuwar Liberace, wani makaɗin fiyano wanda ya yi tashe a Amurka tun daga farkon shekarun 1950 har zuwa mutuwarsa cikin 1987. Mutum ne da aka san shi da ƙawa da ado fiye da kima, aka kuma daɗe ana raɗe-raɗin cewa mai neman maza 'yan'uwansa ne, shi kuwa ya musanta haka har ya koma ga Mahaliccinsa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda masu sharhin fina-finai suka karɓi wannan fim, da abin da karɓar tasu ta ke koya wa mai nazarin tarihi. Sai dai ba a iya fahimtar hukuncin da suka yanke cikin 2013 sai an san cewa shi ne na uku a kan mutumin. Na farko kotu ce ta yanke shi a Landan cikin 1959, na biyu kuma jami'in binciken mace-mace ne ya yanke a Kalifoniya cikin 1987. Kowanne daga cikin ukun ya dogara ne a kan babban mai shaida guda ɗaya, saboda haka tambayar da za a riƙa komawa gare ta ita ce: wane ne ya ba da shaida, kuma wa ya tsaya ya auna ta?

Mutumin da Sana'arsa

An haifi Wladziu Valentino Liberace ran 16 ga watan Mayu 1919 a garin West Allis, kusa da Milwaukee, a jihar Wisconsin. Ubansa ɗan ci-rani ne daga Italiya, mabushin ƙaho a ƙungiyoyin kiɗa, uwarsa kuwa asalin iyayenta mutanen Foland ne. Ya koyi fiyano tun yana ƙarami bisa tsarin kiɗan gargajiya na Turai, har ya yi wasa tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta Chicago cikin 1940. Amma tun da wuri ya gane cewa abincinsa ba ya wajen masana kiɗa. Sai ya shiga gutsure dogayen kiɗe-kiɗen su Chopin da Liszt, yana gauraya su da waƙoƙin yayi, yana hira da 'yan kallo yana ba su dariya. Alkukin kyandir da ya ke ɗorawa bisa fiyano ya samo shi ne daga wani fim na 1945 a kan rayuwar Chopin, ya kuwa zama tambarinsa har abada.

Talabijin ce ta ɗaukaka shi. Shirinsa ya fara fita cikin 1952, kafin a jima ya shiga gidaje miliyoyi, kuma mafi yawan masoyansa mata ne magidanta da tsofaffi. Cikin 1955 otal ɗin Riviera na Las Vegas ya ɗauke shi a kan dala 50,000 kowane mako. Daga nan ado ya yi ta ƙaruwa: alkyabbu na gashin dabbobi masu jan ƙasa, riguna masu duwatsu masu walƙiya, zobba a yatsu, da mota Rolls-Royce wadda a ke shigo da shi cikinta har kan dandamali. Masu sharhin kiɗa na lokacin sun yi masa ca, suna cewa ya mai da kiɗan manya wasan yara. Amsar da ya ba su ta zama karin magana a Ingilishi, watau cewa sukar ta sa shi kuka, amma a kan hanyarsa ta zuwa banki ya yi kukan.

Hukunci na Farko: Landan, 1959

Cikin watan Satumba 1956 Liberace ya kai ziyarar wasa Ingila. Wani marubucin jaridar Daily Mirror, William Connor, wanda ya ke sa hannu da sunan Cassandra, ya rubuta masa zambo mai zafi, ya jera masa siffofi na reni. A cikinsu akwai wata kalma wadda ma'anarta ta fili 'ya'yan itace ce, amma a bakin Amurkawa habaici ce ga ɗan luwaɗi. Liberace ya kai ƙara a kan ɓata suna.

Wajibi ne a tuna da halin da a ke ciki a wancan zamani. A Ingila saduwa tsakanin maza laifi ne da a ke ɗaure mutum a kansa, kuma ba a sassauta dokar ba sai cikin 1967. Haka dokokin jihohin Amurka su ke a lokacin. Ga mutumin da arzikinsa ya rataya a kan yardar matan gida masu zuwa coci, zargi irin wannan yana iya rushe sana'a cikin dare ɗaya. Da aka zauna shari'a cikin watan Yuni 1959, Liberace ya yi rantsuwa a gaban kotu cewa shi ba mai neman maza ba ne. Connor ya ce bai san kalmar tana da waccan ma'ana ba. Masu taya alƙali yanke hukunci suka gaskata makaɗin, aka ba shi diyyar fam 8,000.

A wannan shari'a babban mai shaida shi ne Liberace da kansa, abin da ya faɗa kuwa ba gaskiya ba ne. Nasarar ta ɗaure shi, domin wanda ya rantse a kotu ya karɓi kuɗi ba shi da sauran hanyar janye maganarsa, ko da zamani ya sake. Shekaru ashirin da takwas da suka rage masa ya yi su yana tsaron wannan rantsuwa.

Hukunci na Biyu: Kalifoniya, 1987

Wajen 1977 Liberace ya haɗu da wani saurayi mai suna Scott Thorson, wanda ya taso a hannun masu riƙo, bai kuma kai shekara ashirin ba. Tsakaninsu akwai shekara arba'in. Ya ɗauke shi aiki, ya zaunar da shi a gidansa, shi ne ma direban da ke tuƙo motar nan zuwa kan dandamali. Bayan shekara biyar suka ɓata, aka fitar da Thorson daga gidan. Cikin 1982 ya kai ƙara yana neman dala miliyan 113, bisa hujjar cewa zaman da suka yi tamkar na ma'aurata ne, an kuma yi masa alkawarin ɗaukar nauyinsa. Liberace ya sake musantawa. Kotu ta yi watsi da mafi yawan ƙarar, aka sasanta cikin 1986 a kan dala 95,000.

A watan Nuwamba na wannan shekara ya yi wasansa na ƙarshe a zauren Radio City na birnin New York, jikinsa duk ya zube. Ya mutu ran 4 ga watan Fabrairu 1987 a gidansa na Palm Springs, yana da shekara 67. Likitansa ya rubuta cewa ciwon zuciya ne. Jami'in binciken mace-mace na gundumar Riverside bai yarda ba, ya sa aka binciki gawar, sa'an nan ya sanar da duniya cewa ciwon huhu ne da cutar ƙanjamau ta haddasa. Wata goma sha shida kafin haka ɗan wasan fim Rock Hudson ya mutu da wannan cuta, bayan an bayyana ta a fili tun yana da rai. Liberace bai bi wannan hanya ba, abin da ya sa masu fafitikar yaƙi da cutar suka daɗe suna riƙe da shi a zuci.

A nan gawa ce ta ba da shaida, ita kuwa ba ta ƙarya. Amma iyakar abin da ta iya faɗa shi ne abin da ya kashe shi. Yadda ya zauna da mutane, da abin da ke zuciyarsa, ba aikin likita ba ne. Wannan giɓi shi ne Thorson ya shiga cikewa da littafin da ya fitar cikin 1988, wanda fim ɗin ya ɗauki sunansa da labarinsa.

Yadda Aka Yi Fim Ɗin

Mai ba da umarni Steven Soderbergh ya fara yi wa Michael Douglas maganar fitowa a matsayin Liberace tun suna aikin fim ɗin Traffic na shekara ta 2000. Richard LaGravenese ya rubuta wasan, Jerry Weintraub ya ɗauki nauyin shiryawa, Matt Damon kuma ya yarda ya fito a matsayin Thorson. Aikin ya yi ta jinkiri, musamman da aka sami Douglas da ciwon daji cikin 2010. Daɗin daɗawa, a cewar Soderbergh, sun zaga manyan kamfanonin Hollywood suna neman dala miliyan 5 kawai don cika kuɗin aiki, kowa ya ƙi, wai labarin neman jinsi ya yi yawa a ciki. Ya nuna mamakinsa, ganin cewa fim ɗin Brokeback Mountain na 2005 ya riga ya yi kasuwa ya kuma ci kyaututtuka. A ƙarshe tashar talabijin ta HBO ce ta karɓi aikin.

Wannan ya haifar da wani abu mai ban mamaki. A Turai fim ne na silima: ya shiga takarar babbar kyautar Cannes, aka kuma sake shi a gidajen silima na Ingila cikin watan Yuni. A Amurka kuwa shirin talabijin ne, wanda aka nuna ran 26 ga watan Mayu, mutum wajen miliyan 2.4 suka kalla a nunin farko, adadin da wani fim na tashar bai samu ba tun 2004. Saboda an fara nuna shi a talabijin, ƙa'ida ta hana shi shiga takarar Oscar.

Lokacin fitowarsa ma yana da muhimmanci. A cikin wannan wata na Mayu Faransa ta halatta auren jinsi ɗaya bayan zanga-zanga mai yawa. Kyautar Cannes ta shekarar ta tafi ga fim ɗin Abdellatif Kechiche a kan soyayyar 'yan mata biyu. Ran 26 ga watan Yuni Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke sashen dokar tarayya da ya taƙaita aure ga namiji da mace. Masu sharhi suna rubutu ne a tsakiyar wannan muhawara, kuma ta yi tasiri a kan abin da idonsu ya gani.

Hukunci na Uku: Masu Sharhi

Galibin sharhin yabo ne, a Turai da Amurka baki ɗaya. Ana iya kasa shi gida uku.

Na farko ya shafi 'yan wasa. Douglas ya yi suna ne da fitowa a matsayin namiji mai zafin nema da son mata, har ƙungiyoyin masu neman jinsi sun yi zanga-zanga a kan fim ɗinsa Basic Instinct cikin 1992. Ganinsa yana da shekara 68, ya tashi daga jinya, sanye da hular gashi da alkyabba, yana magana da lanƙwasasshiyar murya, ya burge masu sharhi ƙwarai. Abin da suka fi yabawa shi ne bai mai da Liberace abin dariya ba. Ya nuna mutum mai kyauta da fara'a wanda kuma ya iya mallake na ƙasa da shi. An yaba wa Damon, ko da ya ke an lura cewa mai shekara 42 ne ya ke fitowa a matsayin saurayi. Rob Lowe, wanda ya fito a matsayin likitan gyaran fuska, da Debbie Reynolds, wadda ta san Liberace a zahiri ta kuma fito a matsayin uwarsa, su ma sun sami rabonsu.

Na biyu ya shafi yadda aka ɗauki zaman mutanen biyu. Masu sharhi da yawa sun ce fim ne a kan aure: zumuɗin farko, sabo, kishi, gundura, faɗa a kan dukiya, rabuwa. A ganinsu sabon abu shi ne an nuna wannan zama ba tare da wa'azi ko neman tausayi ba, saɓanin fina-finan baya irin su Philadelphia na 1993, inda mai neman jinsi ya kan fito a matsayin wanda aka zalunta. Wurin da lauyoyi ke lissafa abin da Thorson zai fita da shi, aka nuna masa cewa doka ba ta san da zamansu ba, an karanta shi a matsayin hujja cikin muhawarar 2013.

Na uku ya shafi Hollywood kanta. Kusan kowane sharhi ya maimaita maganar Soderbergh, ya mai da nasarar fim ɗin abin gori ga kamfanonin da suka ƙi shi, da kuma shaida cewa fina-finan manya sun ƙaura zuwa talabijin. Kyaututtuka suka ƙarfafa wannan ra'ayi. A bikin Emmy na watan Satumba 2013 fim ɗin ya ci 11 daga cikin 15 da aka sa shi takara, har da na gwarzon fim, da na mai ba da umarni, da na Douglas. A farkon 2014 ya ƙara da kyautar Golden Globe guda biyu.

Akwai kuma masu suka, ko da ya ke ba su kai masu yabo yawa ba. Waɗansu sun ce rabin farko ya fi armashi, rabi na biyu kuwa ya bi tsohuwar hanyar labarin shan ƙwaya da lalacewa. Waɗansu sun ce an bar makaɗin a baya: wanda ya kalli fim ɗin ba zai fahimci dalilin da ya sa miliyoyin mata suka so shi shekara talatin ba. Waɗansu kuma sun damu da cewa hoton tsoho mai kuɗi yana farautar samari tsohon zargi ne da a ke yi wa masu neman jinsi, fim ɗin kuwa ya sabunta shi.

Abin da Sharhin Ya Tsallake

Ga mai nazarin tarihi, babban abin lura shi ne tushen labarin. Duk abin da fim ɗin ya nuna na cikin ɗaki ya fito ne daga bakin mutum ɗaya, wanda ya yi ƙara ya nemi miliyan 113 ya sami dubu 95, ya kuma rubuta littafinsa bayan abokin shari'arsa ya mutu. Thorson da kansa ya amsa cewa a shekarun da ya ke ba da labarinsu yana cikin shan ƙwaya. A shekarar da fim ɗin ya fito ma yana hannun hukuma a jihar Nevada a kan laifin amfani da katin kuɗin wani, aka kuma ɗaure shi cikin 2014. Ya mutu cikin 2024.

Wannan bai nuna cewa ƙarya ya yi ba. Manyan abubuwan da ya faɗa sun tabbata ta wasu hanyoyi: zamansu tare, da aikin da aka yi wa fuskarsa don ta yi kama da ta Liberace, da shari'ar, da cutar. A kan ainihin abin da aka yi gardama a kansa, shi ne ya faɗi gaskiya, mai gidansa ya ɓoye. Amma maganganun da aka yi su biyu, da niyyar da ya jingina wa mamacin, da wanda ya fara cin amanar wani, duk ba su da mai shaida na biyu. Alƙali ba ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, fim kuwa yana iyawa, domin ƙwarewar ɗan wasa ta kan sa mai kallo ya ji kamar da idonsa ya gani. Gwargwadon yadda Douglas ya iya wasa, gwargwadon yadda shaidar Thorson ta zama ita ce tarihi a zukatan jama'a. Masu sharhi sun ambaci cewa daga littafinsa aka ɗauko labarin, amma kaɗan ne suka tsaya a kan abin da wannan ke nufi, alhali akwai wani tushe a hannu, watau tarihin rayuwar Liberace da masanin tarihi Darden Asbury Pyron ya wallafa cikin shekara ta 2000, wanda ya sa mutumin cikin zamaninsa da addininsa na Katolika da ra'ayinsa na 'yan mazan jiya.

Haka nan maganar Soderbergh a kan kamfanoni, ita ma shaidar mutum ɗaya ce aka karɓa ba a auna ba. Mai yiwuwa ne gaskiya ce tsantsa. Amma akwai wani dalili na kasuwa da ya cancanci a sa shi a ma'auni: a lokacin an fara mantawa da Liberace. Gidan tarihinsa na Las Vegas, wanda ya buɗe cikin 1979, an rufe shi cikin 2010 saboda ƙarancin masu ziyara. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa kamfanonin ba su ƙi irin wannan labari ba in mai shi yana da waƙoƙin da matasa suka sani. Fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018, a kan Freddie Mercury, ya tara fiye da dala miliyan 900 ya kuma ci Oscar huɗu, ko da ya ke masu sharhi sun zarge shi da tsabtace rayuwar mawaƙin. Cikin 2019 kamfanin Paramount ya fitar da Rocketman a kan Elton John, wanda shi ne ya yi waƙar tunawa da Liberace a bikin Emmy na 2013. An yanke sassan wannan fim a Rasha, an hana nuna shi a Samoa. Bambancinsa da na Liberace shi ne mai labarin yana da rai, da hannunsa kuma cikin shirya fim ɗin, saboda haka shi ma shaidar ɓangare ɗaya ce, sai dai ta ɗaya gefen.

Kammalawa

An ga yadda aka yanke wa mutum ɗaya hukunci sau uku. Cikin 1959 kotu ta karɓi rantsuwarsa, domin zamanin yana son a ce masa abin da aka faɗa ɗin. Cikin 1987 binciken gawa ya rushe rantsuwar, a lokacin da tsoron ƙanjamau ya cika Amurka. Cikin 2013 masu sharhi suka karɓi labarin wanda ya yi ƙararsa, a shekarar da a ke gardamar auren jinsi, suka ga a cikinsa abin da ya dace da gardamar. Hukuncinsu a kan fasahar fim ɗin yana nan daram, domin aiki ne da aka yi da gwaninta. A kan Liberace kansa kuwa, abin da ke hannu shi ne shekara goma daga cikin sittin da bakwai, daga bakin mutum guda. Ɗalibin da zai yi amfani da fim ɗin a matsayin madogara ya kamata ya ajiye shi kusa da bayanan shari'ar 1959, da takardun ƙarar 1982, da rahoton binciken 1987, da littafin Pyron, ya kuma tambayi kowannensu abin da ya kan tambayi kowace takarda: wa ya faɗa, yaushe, kuma me ya ke nema.